Dashen Baƙo a Inuwar Barmo

Wannan shi ne labarin shekarar da mutanen Zugau suka zo wa ƙasar Murai da gatari. Ni Marka nake rubuta shi, ni ce Magajiyar Kurmi a zamanin Sarki Nomau. Da tsufana na koyi baƙi, wato rubutu, a wurin wani falke, kuma abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji kawai zan faɗa, yadda na tuna shi.

A Murai ba mu da ɗakin bauta. Ƙasa muke kira Uwa, ita ke ciyar da mu, ita ke karɓar mu. In an haifi yaro, ranar da cibiyarsa ta faɗi sai a kai ta kurmin da ke bayan gari a binne, a dasa itace a kai. Daga ranar yaron da itacen nan abu ɗaya ne. In ya yi aure zai kai matarsa ta gaida itacensa. In ya mutu, ko a wace ƙasa ya mutu, can yake komowa ya zauna, danginsa su riƙa kai masa ruwa suna ba shi labarin gida. Wanda aka sare itacensa ba shi da inda zai koma. Shi ya sa ƙarfe ba ya shiga kurmi. Ko itacen girki, wanda ya faɗo da kansa muke tsinta, mu yi godiya. Kuma duk wanda ya zuba wa itacen kurmi ruwa da hannunsa ya zama ɗan gida, kare kurmin ya hau kansa har ya mutu.

Mutanen Zugau kuwa maƙera ne. Suna narka tama su fitar da ƙarfe, kuma wutarsu ba ta son gawayin komai sai na kirya. Sun ƙone kiryar ƙasarsu kaf. Mu kuma kurminmu cike yake da ita, don iyaye mata sun fi son dasa wa ɗa namiji kirya saboda taurinta. Ni ma ita na dasa wa ɗana Barmo, a yammacin kurmi inda danginmu suke, kaɗan bayan ɗinyar da uwata ta dasa mini a can baki. Yana yaro yakan jingina da kiryar ya gwada tsayi, in ya ga ta fi shi sai ya ce, "Inna, ɗan'uwan nan nawa a ɓoye kike ba shi tuwo." Da ya girma, a wani reshenta na ƙasa yake rataye gorarsa in ya zo hutawa.

Da kaka, kafin ruwan gulbi ya janye, Yarima Ranau ɗan Sarkin Zugau Gagare ya zo da rundunar gaba don ya gwada ƙarfinmu. Aka tare shi a mashigi. Mun kore su, amma Barmo bai dawo ba. Shi kaɗai gare ni, ubansa ya rasu tun yana goye. Waɗanda ke kusa da shi sun ce mashi ne ya same shi a tsakiyar ruwa, ruwa ya tafi da shi. An bi gulbi har inda ƙasarmu ta ƙare, ba a samu ko takalminsa ba. Ban samu abin wankewa ba, ban samu abin binnewa ba. Kiryar nan ita ce duk abin da ya rage mini.

Yarima Ranau shi ma ya faɗi a gaɓarmu, mutanensa suka gudu suka bar shi. A al'adarmu baƙon da ya mutu a ƙasarmu ba a barin sa ya yi ta yawo ba masauki. Ana binne shi a kurmi, a dasa masa itace a kai, kuma aikin Magajiya ne. Sauran mutanen Zugau da suka faɗi an samu gidajen da suka karɓe su. Yarima kam kowa ya ƙi shi. Wasu ma sun ce mashinsa ne ya samu Barmo. Ban tambaya ba, har yau ban tambaya ba.

Ni da Ayashe muka wanke shi. Ayashe jakadiyar Sarki ce, ƙawata tun muna 'yan mata, bakinta ba ya hutawa ko a gidan makoki. Yaro ne ɗanye, sa'an Barmo, damatsansa duk tabon tartsatsin maƙera. A wuyansa akwai tsirkiya, a jikinta 'yar ƙaramar ƙararrawa ta ƙarfe, karkatacciya.

Ayashe ta ce, "Yarima guda da ƙararrawar akuya a wuya."

Na ce, "Ba ta akuya ba ce. Irin wadda ake ɗaura wa yaro mai rarrafe ce, don a san inda ya nufa."

Ta juya ta a tafin hannunta, ta miƙo mini.

Da na rasa inda zan kai shi, sai na sa aka haƙa masa a gindin kiryar Barmo, don dashe ba ya ƙetare rani sai da inuwa, kuma nan ne nake zuwa kullum. Na dasa masa maɗaci, na rataye ƙararrawar a jikin dashen, ko da yake ƙarfe ce, don abin mamaci yana bin mai shi. Na dafa kiryar na ce, "Barmo, ga baƙo na kawo maka. In shi ne ya yi maka wannan aiki, ku daidaita tsakaninku. Ni na gaji."

Rani ya shigo. Kullum da safe in ɗauki tuluna in tafi. Da fari Barmo nake zuba wa sosai, abin da ya rage a gindin tulu in juye wa baƙon. Amma kirya ta yi saiwa tuntuni, ba ta bukatar ruwana, shi kuwa dashen in na makara sai in tarar ganyensa ya langaɓe. A hankali rabon ya juya, ban san ranar da ya juya ba.

A tsakiyar ranin nan gawon Sarki Nomau, itacen cibiyarsa, ya zubar da ganye. Kowa ya san gawo da damina yake zubarwa, da rani yake kore shar. Tsofaffi suka je suka gani, suka dawo suna girgiza kai. Ba a jima ba sai ga manzon Zugau a fada. Ya ajiye gatari da wofin kwando a gaban Sarki, ya ce Sarki Gagare yana son yammacin kurmi duka, ko a ba shi ko ya zo ya ɗauka. Gulbi ya riga ya ƙafe, doki zai ƙetare ta ko'ina.

Sarki ya tara majalisa a ƙarƙashin rumfar fada. Ni ma ina da wurin zama a cikinta saboda sarautata.

Madawaki Korau, shugaban mayaƙa, shi ya fara magana. Ya ce, "Inuwarka ta daɗe, Zaki. Da kaka ruwa ne ya yi mana rabin yaƙi, yanzu babu shi. Mutanen nan ƙarfe suke sawa a kai da ƙirji, mu kuwa baka da kulki. Zan tsaya musu a yashin gulbi, amma ba zan yi wa Zaki alkawarin abin da ban gani ba."

Galadima Cindo ya gyara zama. Mutum ne mai laushin murya, ba ya sauri. Ya ce, "Inuwarka ta daɗe, Zaki, saiwarka ta yi zurfi. Kakanninmu sun riƙe kurmin nan da haƙuri. Ba yaƙi ya tsare shi ba. Abin da ake nema gefe ɗaya ne. In muka ba da yamma, gabas da kudu da arewa suna nan, gari yana nan, yara suna nan. In muka hana, za mu rasa duka. Ina jin ciwon mutanen yamma kamar a jikina."

Madawaki ya ce, "A wane gefen jikin, Galadima? Na san dai itatuwan gidanku duk a gabas suke."

Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Fuskar Galadima ta canza, amma bai ɗaga murya ba.

Sarki Nomau tsoho ne, idonsa ya fara rauni. Ya juyo wajena ya ce, "Magajiya, yamma taki ce. Me kika ce?"

Na ce, "Zaki, ni ban iya maganar fada ba. Abin da na sani, a yamma akwai mutane. Akwai waɗanda suka mutu kafin a haife ni, akwai yaran da ke wasa yanzu a ƙofar fada. In an sare, ina za su? Ɗana da ruwa ya tafi da shi, nan kaɗai ya samu ya komo. Ba zan ce masa ya tashi ba."

Sarki ya ce, "Ni ma ba zan ce ba. Sarkin da ya sayar da matattunsa, rayayyu ma ba su da amana a hannunsa. Ba za a ba da yamma ba. A nemi wata hanya."

Can sai Galadima ya sake magana, don ba ya son a tashi majalisa da kunyar a kansa. Ya ce, "Akwai hanya, Zaki, kuma tana hannun Magajiya. Ɗan Gagare yana kurminmu. Itacensa ko gwiwa bai kai ba, yaro ma zai iya tumɓuke shi da hannu ɗaya. A aika wa Gagare cewa itacen ɗansa yana hannunmu. Ranar da dokinsa ya taka yashin gulbi, ranar za a tumɓuke. Wane uba ne zai ji haka ya taso?"

Majalisa ta ɗauka da murna. Har Madawaki ya gyaɗa kai. A cikinmu babu wanda bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba da ya tuna a ce nasa ɗan ne, saboda haka muka tabbata Gagare ma haka zai ji.

Na ce, "Zaki, baƙo amana ne. Ba a taɓa yin garkuwa da wanda aka binne ba."

Sarki ya ce, "Ba a taɓa zuwa mana da gatari ba, Marka. Magana ce kawai za a aika. Ba na zaton za a kai ga hannu."

Aka kira Ayashe aka ba ta saƙon kalma kalma. Jakadiya ba ta ƙari, ba ta ragi. Duk cikinmu babu wanda ya yi tunanin a gaya wa Gagare cewa an wanke ɗansa an binne shi. A wurinmu jiki ƙasa ne, ya koma wurin Uwa, ba abin magana ba ne. Itacen shi ne mutum.

Da Ayashe ta dawo, ban taɓa ganin ta haka ba. Ta durƙusa a gaban majalisa ta ce, "Inuwarka ta daɗe, Zaki. Na faɗi abin da aka ba ni. Fadawansa suka yi ta dariya, wani har yana riƙe ciki. Ɗaya ya ce in dawo in gaya muku su ma sun kama wata kabewa tamu, in ba mu yi hankali ba za su yi miya da ita."

Sarki ya ce, "Shi Gagaren fa?"

"Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona. Ya ce mutanensa sun gaya masa ruwa ya tafi da ɗansa, bai samu ko gawarsa ba, mu kuma muna yi masa ba'a da tsiro. Ya ce da yamma kawai yake so, yanzu ba zai bar ko kututture a Murai ba."

Galadima ya ce, "To, maganar Sarki ba ta faɗuwa ƙasa. An ce in ya taso za a tumɓuke, ga shi ya taso. Magajiya ta je ta cika umarni, a aika masa da dashen a kwandonsa."

Na miƙe, abin da ba a yi a majalisa. Na ce, "Zaki, tun kaka nake ba yaron nan ruwa. Doka ta ce wanda ya ba da ruwa ya zama dangi. Hannun da ya shayar da shi ba zai tumɓuke shi ba. In sarautar ce, ga ta nan, a ba wata."

Galadima ya ce, "Ba sai hannunta ba. Ina da bayi."

Sarki ya juya wajen Galadima. Sa'an nan ya ce, "Bayinka bakin daga za su, Galadima, kai ma haka. Ba ni da hannun da zan raba wa wannan aiki. In mun dawo a yi maganar." Da aka watse ya kira ni kusa, ya rage murya ya ce, "Marka, in kin je gobe ki biya ta wurin gawona. Na san ba ya bukata. Ki dai zuba masa."

An gamu da hantsi a yashin gulbi. Ban je ba, ina kurmi, amma ƙarar ta iso mu. An ce Madawaki ya tsaya yadda ya yi alkawari, kibanmu suna dukan ƙarfe suna faɗuwa kamar tsakuwa. An ce Sarki Nomau ya ƙi a mai da shi gari, ya sa aka zaunar da shi a kan buzunsa a gaɓa inda mutanensa za su gan shi, a nan mashi ya same shi. Kafin rana ta take, rundunarmu ta karye. Madawaki aka ɗauko shi a kan garkuwa, babu rai. Galadima kuwa tun kafin a gama ya juya da mutanensa ya yi gabas.

Masu gatari suna biye da rundunar Zugau, ba su ko jira ƙura ta kwanta ba. Mata suka fito daga gari, kowace ta je ta rungume itacen nata. Ni na zauna tsakanin kiryar da dashen, tuluna a gefe. Ayashe ta zo ta zauna kusa da ni. Daga bakin kurmi aka fara. Duk itacen da ya faɗi sai ka ji wata ta kira sunan mai shi. Na san sunayen duka, da yawansu ni na riƙe dashen ana tura ƙasa.

Ɗinyata tana gaban masu gatarin, ta tare musu hanya. Ina kallo suka kewaye ta. Ba ta daɗe ba. Da ta faɗi na dafa ƙirjina, ina jiran in ji wani abu ya tsinke.

Ayashe ta riƙe hannuna ta ce, "Kina nan?"

Na ce, "Ina nan."

Ta ce, "To zauna. In kin tafi wa zan riƙa yi wa tsegumi?" Tana faɗa hawaye na zuba.

Da rana ta karkata sai ga Sarki Gagare da kansa a kan doki, ya zo duba abin da ya ci. Ƙaton mutum ne mai furfura, hannuwansa baƙi ƙirin kamar na duk maƙeri. Shugaban masu gawayi yana gaba yana nuna masa itatuwa. Da suka iso gare mu ya bubbuga kiryar Barmo da ƙotar gatari ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi wannan. Miƙaƙƙiya, ba rami. Gawayinta kaɗai zai fitar da takubba. Ke tsohuwa, tashi."

Ban tashi ba. Mutumin ya kama kafaɗata ya ja, zanina ya shafi dashen, ƙararrawar ta yi 'yar ƙara.

Sarkin ya ja linzami. Ya ce, "Tsaya."

Ya sauko daga doki a hankali. Ya sunkuya ya ɗauki ƙararrawar a tsakanin yatsunsa, bai cire ta daga dashen ba. Ya ce, "Ina kika samu wannan?"

Na ce, "A wuyansa."

"A wuyan wa?"

"Ɗanka. Yana da tabon wuta a damatsa biyu, da wani tsohon yanka a haɓa."

Ya ce, "An ce mini ruwa ya tafi da shi."

Na ce, "Nawa ne ruwa ya tafi da shi. Naka yana nan ƙasan inda ka tsaya. Ni na wanke shi, ni da wannan. Mun naɗe shi da farin saƙi, mun kwantar da shi kansa na duban ƙasarku."

Ya ja ƙafarsa baya kamar ya taka wuta. Ya dubi Ayashe, ya gane ta. Ya ce, "Ke kika zo fadata. Me ya hana ki faɗi haka?"

Ayashe ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a ba ni shi in faɗa ba. Kuma ko an bar ni, ban san shi kake son ji ba. Mu a nan itacen ne ɗanka. Da na ce maka itacensa yana hannunmu, a ganina na gaya maka komai."

Ya durƙusa. Mutanensa suka kau da kai. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni na ƙera ta. Ya fara rarrafe, kullum maƙera yake nufa. Cikin sauri na yi ta, shi ya sa ta karkace. Na ɗauka ya yar da ita tun yana yaro."

Can ya ce, "A kawo magirbi. Zan tafi da shi gida."

Na ce, "Naka ne, ba mai hana ka. Sai dai saiwar ta riga ta kai gare shi. In ka haƙa, dashen ya mutu."

Ya taɓa ganyen maɗacin da bayan yatsa. Ƙasar gindin tana da laima, ya ji ta. Ya ce, "Wa ke ba shi ruwa a ranin nan?"

"Ni."

"Wannan babbar fa, ta wace ce?"

"Ɗana ne, Barmo. A mashigi ya faɗi, rana ɗaya da naka. Ba don inuwarsa ba da naka bai kai yau ba. In ka sare shi, rana za ta cinye dashen kafin ruwa ya sauko. Shi ma Barmo ba zai tsaya shi kaɗai ba, waɗancan na bayansa su ke tare masa iska."

Ya ɗago ya dube ni sosai. Ya ce, "Ko ɗana ne ya..."

Na ce, "Ban tambaya ba."

Daga nesa ana jin gatari yana ta aiki. Sarkin ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya miƙo hannu wajen tuluna ya ce, "Ba ni, Inna."

Na riƙe tulun. Na ce, "Ba zan yaudare ka ba. A nan wanda ya zuba wa itace ruwa ya zama ɗan gida. Ba ya shigowa da ƙarfe, ba ya bari a shigo da shi. In ka zuba, kurmin nan ya hau kanka har ka mutu. Ka sani kafin ka karɓa."

Wani babban bafadensa ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar Zugau ta kusa mutuwa. Mun zubar da jini a kan gawayin nan. Dokar mutanen da ka ci da yaƙi ba ta hau kanka ba."

Gagare ya ce, "Na sani ba ta hau kaina ba. Matar nan ma ba ni na sa ta shayar da ɗana ba."

Ya kwance takobinsa ya miƙa wa bafaden, ya cire wuƙar damtsensa, ya cire har zoben ƙarfen da ke yatsansa. Ya ce a fita da su bakin kurmi, a gaya wa masu gatari su ajiye. Sa'an nan ya karɓi tulun. Bai iya ba, ya tuttula da yawa har ƙasa ta fara zaizayewa, sai da na riƙe masa gindin tulun na nuna masa yadda ake kewayawa. Da ya gama da dashen, akwai sauran ruwa. Ya tashi ya juye shi a gindin kiryar Barmo.

Ƙarar gatari ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Matan da ke rungume da itatuwa suka fara leƙowa, ba su san abin da ya faru ba.

Murai ta zama ƙarƙashin Zugau daga ranar, ba zan ɓoye ba. Mun rasa Sarkinmu, mun rasa bakin kurmi, kuma kowace shekara muna kai musu busasshen itacen da ya faɗo da kansa, muna koya wa 'ya'yansu dasa kirya a tuddansu da suka ƙone. Galadima da ya dawo yana neman a naɗa shi, Gagare ya tambayi wa ya kawo shawarar tumɓuke dashen, aka gaya masa, ya naɗa ɗan Madawaki. Amma ƙarfe bai sake shiga kurmi ba.

Kafin ya hau dokinsa a ranar, Gagare ya juyo ya ce, "Inna, naki itacen wanne ne? Ina so in san shi."

Na nuna masa inda ɗinyata take kwance, an riga an fara sassare rassanta. Ya ce ko a dasa mini wata. Na ce cibiya ɗaya ake haifar mutum da ita.

Har yanzu ina zuwa da tuluna, ko da yake yanzu sai na huta a hanya. Maɗacin ya wuce tsayina tuntuni, ƙararrawar tana can sama inda hannuna ba ya kaiwa. Na riga na yi magana da Barmo. Na gaya masa in lokacina ya yi ba ni da wurin zuwa, ya matsa mini a reshen nan na ƙasa inda yake rataye gorarsa. Shi da ya karɓi baƙo, ba zai ƙi uwarsa ba.